Yadda Ake Fito da Sarauniya da Wuri a Wasan Ces

Masu yawan tambayata kan wannan buɗewar, ga ta nan. Kai ne mai fari. Kowane gida a allo yana da suna kamar e4: harafi (a zuwa h) daga hagunka zuwa dama, lamba (1 zuwa 8) daga gefenka zuwa gaba.

1. Tura sojan gaban sarki zuwa e4.
2. In baƙi ya amsa da e5, kai sarauniya h5.
3. Ya kare da doki a c6? Fito da bishof zuwa c4.
4. In ya yi sake ya sa doki a f6, cinye f7 da sarauniya. Wasa ya ƙare ke nan.
5. In kuwa ya tura soja zuwa g6, janye sarauniya zuwa f3.

Hattara, nan ake yin ɓarna: dokinsa na haƙon d4, inda zai kori sarauniya ya kuma yi barazanar cin c2.

6. Da ya toshe f6 da doki, sa naka a e2 don ya tsare d4.

Gogaggen ɗan wasa ba ya faɗa wa wannan tarko, amma sabon shiga yakan rikice.