Yadda za ka gyara wa dattijo waya ya daina kuskuren dannawa

Idan Baba yana yawan danna abin da bai nufa ba, kada ka ga laifin yatsansa. Tun 1954 Paul Fitts, wani masani ɗan Amurka, ya nuna cewa ƙaramin abu mai nisa ya fi cin lokaci kafin hannu ya same shi daidai. In nisan ya ninka, sai girman ma ya ninka kafin lokacin ya tsaya yadda yake.

Ni dai saitin allo nake fara shiga, in ƙara girman alamomin manhajoji. Sai in sauko da WhatsApp da wurin kira ƙasa, inda babban yatsa ke hutawa. Gboard, wato madannin rubutu na Google, shi ma ana iya ƙara masa tsayi. Manhajar banki kuwa, can sama nake jefa ta da gangan, saboda jikoki.