Darasi na Tara: Man Birkin Tsohuwar Mota

Direbobi ba sa mantawa da juyen baƙin mai. Man birki kuwa sai ranar da ƙafa ta nutse har ƙasa ake tunawa da shi, alhali shi ne yake ɗaukar ƙarfin ƙafarka ya kai wa tayoyi huɗu.

Buɗe bonet. A gefen direba, kusa da gilashin gaba, za ka ga 'yar farar roba mai murfi a kan masta, wato famfon da ke tura man zuwa tayoyi. Goge murfin, ka karanta abin da aka rubuta: DOT 3 ko DOT 4, wato irin man birkin da motar take so. A jikin robar akwai layi biyu, MIN a ƙasa, MAX a sama. Man ya tsaya tsakaninsu. Ga amfanin karatunmu nan: haruffa uku da lamba ɗaya, amma ba mai shagon da zai sake miƙa maka abin da ba shi ba ne.

Cikar roba ba ita ce lafiyar mai ba. Man birki yana shan danshin iska, ko mota na aiki ko tana ajiye, balle da damina. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205, DOT 4 kuma 230. Da ruwa ya shiga, ko da bai kai kashi 4 cikin 100 ba, na farko zai iya tafasa a 140, na biyu a 155. To, ka ɗauka ka yi lodi daga Jos, kana gangara Hawan Kibo, ƙafarka na kan birki. Tayoyi sun ɗau zafi, mai ya tafasa, tururi ya cika bututu. Tururi yana matsuwa, mai ba ya matsuwa. Ka taka, ka ji wayam. Wannan ruwan ne kuma yake cin masta da bututu da tsatsa daga ciki. Shi ya sa ake canza man duk shekara 2, ko da bai ragu ba. Sabo yana da haske kamar man gyaɗa. In naka ya koma kalar baƙin shayi, ya daɗe da gajiya.

Idan mai ya ragu a hankali, wataƙila takalman birki ne suka cinye. Idan kullum sai ka ƙara, yana yoyo. Leƙa bayan tayoyi, ka nemi inda ya jiƙe.

Wani abu yana ci mini rai. Akwai masu zuba ruwan omo idan mai ya ƙare a hanya. Don Allah a bari, rayukan mutane ne a bayanka. Kada kuma a zuba baƙin mai ko man sitiyari, suna kumbura robobin ciki. DOT 5 ma jinsinsa daban ne, ba ya haɗuwa da 3 ko 4.

Canjin mai aikin mutum biyu ne. Sayi lita ɗaya a kwalbar da ba a taɓa buɗewa ba. Tanadi sirinji, da siririn tiyo, da gora, da sufana. Zuƙe tsohon man da ke roba, ka cika da sabo. A yawancin tsofaffin motoci ana farawa da tayar da ta fi nesa da masta, wato ta baya ta dama, a ƙare da ta gaban direba. Bayan kowace taya akwai ɗan noti mai huda. Maƙala masa tiyo, ɗaya bakin a gora. Ka ce wa na cikin mota, “Taka sau uku, ka riƙe!” Sassauta notin, mai ya fito, ka ɗaure, sannan ka ce, “Saki!” In ya saki kafin ka ɗaure, iska ta koma, aiki ya dawo sabo. Haka za ku yi ta yi har mai ya fito garau ba kumfa. Riƙa leƙa robar, kada ta ƙafe.

Tsohuwar mota, irin su Fijo 504, tana son lallashi. Sa ɗan katako ƙarƙashin abin takawa don kada ya kai ƙasa, saboda tsatsar cikin masta tana iya yaga robobin ciki. Notin da ya cije kuma kada ka yi masa ƙarfi, karyewa zai yi. Kai wa bakanike. Kada ka shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai.

Man yana cin fenti, in ya ɗiga wanke da ruwa nan take. Guba ne, a nesanta tsohon man da yara da awaki. Kafin ka hau titi, taka birki mota na tsaye. In ya yi tauri, gwada shi a hankali a fili. In har yanzu yana da laushi, akwai sauran iska, a koma wa tayoyin.