Yadda ake samun tallafin noma na gwamnati, daga bakin sakataren ƙungiya

Duk ranar da aka faɗa a rediyo cewa gwamnati za ta raba taki ko injin ban ruwa, to ranar ba ni da sukuni, tun daga sallar asuba mutane ke tsaye a ƙofar gida, wannan ya ce Malam Sakatare a sa sunana, wancan ya ce ai kai ka san ni manomi ne gaba da baya. Ni kuma kunya ta hana ni in gaya musu gaskiya, cewa lokacin da kuka ji sanarwar nan sunaye sun daɗe da tafiya. An rubuta lis ɗin tun watanni baya, kuma daga ƙungiyoyin da takardunsu ke a kammale aka ɗauko shi. Shi yasa na ce bari dai in zauna in rubuta abin da na sani, wanda zai amfana ya amfana.

Kafin komai ka fara sanin wane irin tallafi ne ake magana, domin kalmar tallafi ɗin nan ta jefa mutane da yawa cikin rigima. Akwai kyauta zalla wadda ba za ka biya ko sisi ba, irin dashen itatuwa ko horo ko rijiyar burtsatse ta gari. Akwai rangwame, inda gwamnati za ta biya wani kaso kai ka cika sauran. Sai kuma bashi, wanda ko an kira shi da wane suna mai daɗi sai ka mayar. Shirin Anchor Borrowers da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a watan Nuwamba 2015 bashi ne daga Babban Bankin Najeriya, kuɗin ruwansa kashi 9 cikin ɗari, aka sauke zuwa kashi 5 lokacin korona a 2020, amma wallahi mutane da yawa sun karɓa ne da tunanin wai rabonsu ne na arzikin ƙasa, wasu ma a bakin wurin rabon suka sayar da takin suka ƙara aure. Bashin ya taru ba a biya ba, daga ƙarshen 2023 kuma Babban Bankin ya ce ya janye hannunsa daga irin wannan rabon lamuni kai tsaye. Toh ka ga wanda ya yi asara ai shi ne manomin kirki da ke biya. Don haka duk fom ɗin da aka miƙo maka, tambayar farko ita ce: wannan kyauta ne, ko rangwame, ko bashi? In wanda ya kawo fom ɗin ya fara kame-kame, ajiye biro.

Sai maganar ƙungiya, kuma nan ne gaba ɗaya sirrin yake. Gwamnati da Bankin Duniya ba sa bin manomi ɗaya-ɗaya gida, rukuni suke nema. Tun zamanin shirin Fadama na tallafa wa manoma haka tsarin yake, ƙananan ƙungiyoyin masu amfani da fadama su haɗu su zama babbar ƙungiyar yanki, kuma har yau duk sabon shirin da ya zo a kan wannan sawun yake tafiya. Ku haɗu aƙalla mutum 10 masu sana'a iri ɗaya, masu shinkafa daban, masu kiwo daban, mata masu sarrafa gyaɗa daban, ku zaɓi ciyaman da sakatare da ma'aji, ku rubuta dokokinku, sai ku je sashen ƙungiyoyin gama kai na jiharku, galibi yana ƙarƙashin ma'aikatar kasuwanci kuma akwai jami'insa a ƙaramar hukuma, ku yi rajista a ba ku satifiket. Da satifiket ɗin za ku buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, mutum biyu ko uku su zama masu sa hannu. Kar ku yarda kuɗin ƙungiya ya zauna a akawun ɗin ciyaman komai amanarsa, ba wai don ana zarginsa ba, shi kansa kariya ce gare shi, yau in ya faɗi ya mutu magada za su ce kuɗin babansu ne.

Wani abu da mutane ke rainawa shi ne littafin taro. Mu namu wani tsohon littafi ne mai bangon kwali, gefensa duk ya sha maiƙo saboda yawo a aljihun babur, amma duk mitin ɗin da muka yi yana ciki da kwanan wata da sunayen waɗanda suka zo da sa hannu ko dangwale, da ɗan kuɗin da kowa ke zubawa duk wata. Ranar da masu tantancewa suka zo garinmu ƙungiyoyi sun fi goma a tsakar gidan mai gari, kowa riƙe da satifiket sabo fil yana ƙyalli, jami'ar da ta zo ko kallon satifiket ba ta tsaya yi sosai ba, cewa ta yi ina littafin taro, ina takardar shige da ficen kuɗi ta banki. Nan fa aka fara kallon-kallo. Ƙungiyar da aka haɗa shekaranjiya don cin tallafi ai ba ta ɓuya.

Yanzu takardun kowane mamba. Lambar NIN da lambar BVN, kowacce lamba 11 ce, in ka manta taka danna *346# a layin da ka yi rajista da shi za ka ga NIN, BVN kuma *565*0#, akwai ɗan cajin da ake cira. Abin da ke kayar da mutane ba rashin lambar ba ne, saɓanin suna ne. Muna da wani dattijo, a NIN an rubuta masa Muhammad, a banki Mamman, sunan mahaifi kuma ɗaya da harafi biyu ɗaya da harafi ɗaya, kwamfuta kuwa ba ta san cewa Mamman shi ne Muhammadu ba, haka aka tsallake shi yana ji yana gani alhali gonarsa ta fi ta kowa kyau. Ka gyara wannan tun da rani, gyaran yana cin lokaci. Sannan layin waya ya zama naka ne da sunanka, ba na ɗanka da ke Legas ba, kuma ka riƙa sa masa kati yana aiki kar kamfani ya rufe shi, saboda tun zamanin da Akinwumi Adesina yake ministan noma aka fara turo saƙon taki ta waya a 2012, kuma har yau ta saƙon tes ake sanar da mutum cewa kayansa sun fito.

Ka kuma san girman gonarka da awo, ba da ƙiyasi ba. Hekta ɗaya mita 100 ce tsawo, mita 100 faɗi, wajen eka biyu da rabi kenan. Yawancinmu in an tambaye mu sai mu ce hekta biyar, a zo da na'ura a zagaya a ga ko ɗaya da rabi ba ta cika ba. Yanzu ana zuwa har gona a ɗauki lambobin wurin da waya, don haka ƙarin gishiri ba ya ci, in bashi ne ma kanka ka cuta don za a ɗora maka kayan da gonar ba za ta iya biya ba. In aro ko haya kake nomawa ka samu takarda daga mai gonar da shaidar mai unguwa.

To ina za a je? Fara da malamin gona na yankinku. Kowace jiha tana da hukumar bunƙasa noma, a Kano KNARDA, a Jigawa JARDA, a Katsina KTARDA, a Bauchi BSADP, kuma malaman gona a ƙarƙashinsu suke. Ku kai musu kwafin satifiket da jerin sunayen mambobi da lambobin waya da abin da kowa ke nomawa, ku kai wani kwafin sashen noma na ƙaramar hukuma, wani kwafin kuma ofishin Fadama na jiha, kowane wuri ku sa a buga muku hatimi a naku kwafin cewa an karɓa. Kuma ba sau ɗaya ake zuwa ba, a riƙa leƙawa ana gaisawa, in kun yi girbi mai kyau ku gayyaci malamin gona ya zo ya gani da idonsa, ranar da aka ce masa kawo ƙungiya biyar cikin kwana biyu, waɗanda ya sani zai tuna.

Bari in ɗan daɗe a kan ACReSAL domin shi ne babban shirin da ya shafi gyaran ƙasa a Arewa yanzu. Bankin Duniya ne ya amince da dala miliyan 700 a Disamba 2021, na jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma burinsa farfaɗo da hekta miliyan ɗaya ta ƙasar da ta lalace, wato zaizaya da kwararowar hamada da gonakin da suka gaji. Kowace jiha tana da ofishin shirin. A cikinsa akwai asusun juyawa na al'umma, kuɗi ne da ake ba gari, ƙungiyoyi su ranta su yi sana'ar noma su mayar, sannan a ba na bayansu, ka ga kenan in kun cinye ba gwamnati kuka cuta ba, maƙwabcinku da ke jiran layi kuka cuta. Abin da na lura shi ne masu irin wannan shirin ba sa son jin a ba mu kuɗi mu yi noma kawai. So suke ku faɗi matsala da maganinta. Misali ku rubuta cewa kwazazzabo ya cinye mana gonaki kaza a gabas da gari, muna neman a taimaka da dashe da aikin tare ruwa, mu kuma za mu ba da fili da ƙarfinmu da mai gadin dashen har ya kama. Shafi biyu ya isa, da Hausa ma in an rubuta a samu ɗan makaranta ya juya, a haɗa da hotunan wurin da aka ɗauka da waya.

Kuma dan Allah ku fara wani abu da kanku kafin ku nema. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram tun shekarun 1980 suke abin da suke kira sassaben zamani, maimakon a tumɓuke duk tohon da ya fito daga kututture lokacin sharar gona, sai a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a bari a sassabe sauran, a haka miliyoyin hekta suka sake yin itatuwa ba tare da an dasa ba. Gawo kuwa kowa ya san halinsa, da damina yake zubar da ganye ya bar wa gero rana ya kuma ba shi taki, da rani ya yi inuwa ya ba dabbobi 'ya'ya. Ga ramukan rabin wata da ake haƙawa a faƙo su tare ruwan sama. Duk wannan ba ya cin ko kwabo sai gumi, amma in jami'i ya zo ya tarar kun riga kun yi a gona goma, maganarku ta fi ta mai dogon turanci nauyi. Masu jihohin bakin hamada guda 11, wato Adamawa, Bauchi, Borno, Gombe, Jigawa, Kano, Katsina, Kebbi, Sakkwato, Yobe da Zamfara, ku kuma kuna da hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa da aka kafa da doka a 2015, ana samun dashe ta wajensu. Masu kiwo su nemi ofishin L-PRES, shirin tallafa wa kiwon dabbobi, na jiharsu.

In rangwame ne, kamar shirin alkama na NAGS-AP da aka buɗe a Haɗeja a Nuwamba 2023 da kuɗin Bankin Raya Afirka inda gwamnati ta ɗauke rabin kuɗin kaya, to ka tanadi naka kason tun kafin saƙo ya shigo, don kwanakin karɓa ba su da yawa. Mutane da dama a nan suke faɗuwa, saƙo ya zo babu kuɗi a hannu, sai wani ɗan kasuwa ya biya ya kwashe kayan ya ba ka ɗan na cefane, sunanka ne ya ci tallafi a takarda, gonarka ko ƙwaya ba ta gani ba. Ranar karɓa ka je da kanka da wayarka da katin shaida, ka ƙirga buhu, ka duba ranar lalacewar maganin feshi, kar ka sa hannu a kan abin da ba ka gani ba ko da an ce sauran na zuwa gobe.

Masu damfara kuma sai dai addu'a. Mu ma an taɓa yi mana, wani ya zo da riga mai tambari da kati rataye a wuya ya karɓi kuɗin fom wurin mutum sama da talatin, har shinkafa da kaza muka yi masa, tun daga ranar layinsa a kashe. Duk link ɗin da aka turo a WhatsApp wai cika ka samu tallafin manoma ka tura wa mutum goma, ƙarya ne. Duk wanda ya ce ka karanto masa lambar da banki ya turo maka yanzu, ko lambar sirrin katinka, ɓarawo ne ko da muryar limami yake magana. In kana shakka ka hau babur ka je ofishin da kanka ka tambaya, kuɗin mai bai kai abin da za a kwashe maka ba.

Wanda zai ci bashin banki kuma, ko na Bankin Manoma mai hedikwata a Kaduna ko na kasuwanci, ya tambaya ko za a sa shi ƙarƙashin asusun lamunin bashin noma na Babban Banki da ke nan tun 1977, wanda ke tsaya wa banki har kashi 75 cikin ɗari in an kasa biya, hakan kan sa banki ya saki jiki, amma fa ba yafe maka aka yi ba, bashin na wuyanka. In kuɗin ruwa ne damuwarka ka tambayi bankunan da ba sa mu'amala da ruwa irin Jaiz da TAJ ko suna da tsarin manoma a reshen da ke kusa da kai. Sannan inshorar NAIC, wato hukumar inshorar noma ta gwamnati, in an cire maka kuɗinta a cikin bashin ka nemi takardar shaida ka riƙe, kuma ranar da ambaliya ko fari ko tsutsa ta faɗa maka ka ɗauki hoto nan take ka sanar da su da banki a rubuce, kar ka share gonar ko ka sake shuka sai sun zo sun duba, in ka gyara wurin kafin su iso babu abin da za ka nuna musu.