Yadda na gyara matsalar allon bodibod ɗina da ya yi laushi

Bodibod ɗan gajeren allo ne mai kumfa irin ta soso a ciki, da ake kwanciya a kai a bi igiyar ruwan teku. Wata biyu ina zargin kaina. Duk lokacin da na kwanta a kan allon na bi igiyar ruwa, sai in ji ya lanƙwashe a ƙarƙashin ƙirjina, gudun ya mutu, igiyar ta wuce ta bar ni. Na ɗauka hannuna ne bai faɗa ba. Sai wata rana na juya shi na ga wani layi ya tsaga cikinsa a daidai inda gwiwar hannuna ke dannawa.

Ashe laifin daga kumfar cikin allon ne. Nawa na polietilin ne, wanda ake rubutawa PE. Wannan kumfa ruwan sanyi take so, can ne laushinta ke da amfani. Ni kuwa ruwan ɗumi nake shiga, zafi sai ya ƙara sake ta.

Na koma na polifurofilin, wato PP, mai sanda ɗaya a tsakiya don ƙarin ƙarfi. Ya fi sauƙin nauyi, ba ya shan ruwa, kuma in ka lanƙwasa shi sai ya miƙe nan take. Kafin in saya na jingina shi a cinyata na danna don in ji yadda yake dawowa. Na EPS, wato farar kumfar nan da ake tokare kaya da ita a cikin kwali, ban ko kalle shi ba, arha ne amma saurin karyewa gare shi.

Sai dai a ruwan sanyi PP kan sandare kamar katako, ya riƙa tsalle. Tsohon ma ina jin barinsa a cikin mota da rana ya taimaka wajen kashe shi, yanzu a inuwa nake ajiye sabon.