Yadda ake shuka furen airis a Legas ba tare da ya ruɓe ba

Hotunan gajeren airis shuɗi da ke yawo a Facebook, wanda ke fasa ƙasa tun ƙanƙara ba ta gama narkewa ba, su ke jawo wa masu fara lambu asarar kuɗi. Furen daji ne na ƙasashen sanyi. Iris reticulata ɗan tsaunukan Turkiyya da Iran ne, tsayinsa bai wuce santimita 15 ba. Iris cristata kuma a dazukan gabashin Amurka yake, yana fure wajen Afrilu zuwa Mayu. Dukansu sai sun kwana cikin sanyi na watanni sannan su yi fure. Legas kuwa, ko a tsakiyar hunturu da wuya dare ya sauka ƙasa da digiri 20.

Wanda ya nace sai reticulata, to ya dasa ƙwayayen masu kama da ƙananan albasa a kasko, ya sa a firji mako 12 zuwa 15, sanyin digiri 4 zuwa 7, nesa da ayaba da tuffa, don iskar da suke fitarwa tana kashe furen tun yana ciki. Yi lissafin man janareta tukuna. Furen mako ɗaya ne ko biyu, kuma baɗi ba zai sake ba.

Abin da ya dace da nan danginsa ne na ƙasashen zafi. Akwai Neomarica, ɗan Burazil, da ake kira airis mai tafiya, fari da shuɗi a tsakiya. Akwai Dietes daga kudancin Afirka, wanda ya fi jure rana. Masu sayar da furanni a bakin titi a Ikeja da Ikoyi da Lekki ba lalle su san sunayen ba, don haka nuna musu hoto. Ganyen dukansu biyun kamar takobi ne, a jere kamar mafici. Kada ka saya sai ka matsa gindin da yatsa. In ya lotsa ko yana wari, bar musu kayansu.

Ƙasa: awo biyu na baƙar ƙasa, awo ɗaya na yashin gini mai kaushi, awo ɗaya na takin shanu da ya ruɓe ya koma kamar gari, sai ɗan dakakken gawayi cikin tafi. Mazauna Agege na samun taki da araha a wajen mayankar Oko-Oba, amma ɗanye ne, sai ya yi wata uku a buhu. Yashin bakin teku akwai gishiri, bai da amfani. Tsohon bokitin fenti ya ishe ka, faɗin santimita 30, a huda gindinsa wuri shida da ƙusa mai zafi.

Yanzu ga inda kusan kowa ke faɗuwa, wato zurfin dashe. Gindin nan kamar citta yake, a kwance yake tafiya, kuma numfashi yake so. Mai koyo yakan tona rami ya binne shi kamar doya, ya danne da ƙafa. Ruwan Yuni da Yuli na sauka kwana uku a jere, ƙasa ta cika, iska ta ƙare, gindin ya fara laushi daga ƙasa. Ganye ya yi rawaya, sai mai shi ya ɗauka ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa. Ranar da ya ja ganye ya tsinke a hannunsa, aikin gama ya riga ya gama.

Ga yadda ake yi. Tara ƙasa a tsakiyar bokitin ta yi ɗan tudu. Ɗora gindin a kan tudun, ka baza saiwoyin su gangara ta gefe. Rufe saiwoyin sosai, amma ƙasar da ke saman gindin kada ta wuce santimita 2, inda ganye ya fito kuwa a bar shi a fili. Rage ganyen zuwa santimita 15 don kada iska ta girgiza shi kafin ya kama. Sannan ɗora bokitin a kan bulo biyu. Bokitin da ke zaune kan siminti, ramukansa toshewa suke, musamman a unguwannin da ruwa ke kwanciya. Idan a ƙasa za ka dasa, yi kunya mai tudun santimita 20, tazarar santimita 40. Lokacin dashe Maris zuwa Afrilu ne, ko Nuwamba da ruwa ya ja baya. Tsakiyar damina ba lokacinsa ba ne.

Idan ruɓa ta riga ta fara, tono shi, yanke mai laushin har ka kai ga mai ƙwari, barbaɗa toka, ka shanya a inuwa kwana biyu, ka dasa a sabuwar ƙasa.

Ban ruwa kuwa, yatsa ne ma'auni: nutsa shi zuwa gaɓa ta biyu, in da danshi ka ƙyale. Neomarica ranar safe yake so da inuwar azahar, Dietes kuma awa biyar na rana ko fiye. Rabin ƙaramin cokali na NPK 15-15-15 duk wata biyu, a gefen bokiti. Takin yuriya ganye kawai yake sawa. Tsince katantanwa da daddare. Kowane furen Neomarica yini ɗaya yake yi, amma kada ka yanke karan, don a kansa ɗan tsiro ke fitowa, ya rinjayi karan zuwa ƙasa ya kafa saiwa. Ajiye masa ƙaramin kasko, bayan wata guda ka raba su. Duk shekara uku a raba gindin. Akwai guba a jikinsa, a nisanta shi da yara da awaki.