Aikin tsintsiyar hannu a arewacin Kamaru: wa zai biya, kuma yaushe?

Baƙon da ya zo Garwa, Marwa ko Ngawundare daga Najeriya ko Nijar ba ya tunanin inshorar lafiya sai ranar da ya faɗo daga kan mashin, ya tokare ƙasa da tafin hannu, likita ya ɗaga hoton ƙashi a gaban fitila ya ce sai an yi aiki. Daga wannan rana lokaci ya fara ƙure masa, domin ƙashin tsintsiyar hannu yana fara haɗewa cikin mako biyu zuwa uku, ko a miƙe yake ko a karkace, alhali kamfanin inshora ba ya gaggawar ba da amsa.

Abu na farko shi ne ka tambayi likita ko aikin na gaggawa ne. Idan matsalar jijiyar da ta matse ce, wadda ke sa yatsu su riƙa mutuwa da dare, yawanci ana iya jira har takardu su kammala. Idan karaya ce da ta goce, jira yana da tsada, saboda ƙashin da ya haɗe a karkace sai an sake yanka shi kafin a daidaita. Akwai kuma wani ɗan ƙaramin ƙashi a gindin babban yatsa wanda karayarsa kan ɓoye a hoton farko, don haka idan ciwon ya ƙi lafawa, a sake hoto bayan kwana 10 zuwa 14.

Sai batun kuɗi, kuma a nan sababbin zuwa suka fi ruɗewa. Katin inshorar gwamnati da ka zo da shi daga gida ba ya aiki a asibitocin Kamaru. Shirin kiwon lafiya na bai-ɗaya da aka ƙaddamar a 2023, wanda ake kira CSU, ya fi karkata ga yara 'yan ƙasa da shekara 5, mata masu juna biyu, wankin ƙoda da wasu cututtuka irin su tarin fuka. Tiyatar hannun babban mutum ba ta ciki. Hukumar CNPS, mai kula da fansho da haƙƙoƙin ma'aikata, ita ma ba inshorar rashin lafiya ba ce, amma tana ɗaukar nauyin haɗarin da ya auku a bakin aiki ko a kan hanyar zuwa aiki, muddin maigidanka ya yi maka rajista, kuma doka ta ba shi kwana 3 na aiki ya kai rahoto. Kada kunya ta hana ka tuna masa tun ranar farko. Idan kuwa mota ce ta buge ka, inshorar mai motar ce ya kamata ta biya, sai dai ba za a saurare ka ba sai da rahoton 'yan sanda ko na jandarma.

Na taɓa raka wani matashi ɗan Kano, mai aiki a wani kamfanin sufuri, wanda aka ba shi katin inshora mai zaman kanta. Ya miƙa katin a wurin karɓar kuɗi da hannun hagu, na dama yana rataye a wuya da rawani, sai matar ta juya katin gaba da baya ta tambaye shi ina takardar amincewa. Ashe katin shi kaɗai ba ya buɗe ɗakin tiyata. Sai asibiti ya rubuta kiyasin kuɗi, wanda suke kira devis, an kai wa kamfanin inshorar, shi kuma ya dawo da takardar ɗaukar nauyi, wato prise en charge. Kwana tara muka yi muna jin “gobe, Alhaji”. Daga ƙarshe 'yan'uwa a kasuwa suka yi karo-karo aka yi aikin, aka nemi a mayar da kuɗin daga baya. A ganina da mun yi haka tun kwana na uku da ya fi.

Saboda haka, ɗan'uwa, ka nemi amsar kamfanin inshora a rubuce, ba ta baki ba. Ka tambaya ko wa'adin jira na sabon mai rajista ya wuce, ko asibitin yana cikin waɗanda suka amince da su, da kashi nawa cikin ɗari za su biya. Ka tambaya musamman game da ƙarfen da za a sa, domin sau da yawa maras lafiya ne ke sayen farantin ƙarfe da ƙusoshinsa daban, kuma sililin ƙarfe ya fi faranti araha idan irin karayar ta yarda da shi. Takardun da Faransanci suke, hira a harabar asibiti kuma da Fulatanci, don haka ka tafi da wanda ya iya karatu, ka kuma adana kowane rasit da kowace takardar magani, ka ɗauki hotonsu a waya.

Za a ba ka shawarar zuwa wurin mai ɗori, kuma ba na raina sana'arsu, amma karayar da ta shiga cikin gaɓa ba ta gyaruwa da kara da tsumma, ɗauri mai tsanani kuma yana iya tsayar da jini. Idan yatsu suka kumbura, suka yi sanyi ko suka canza launi, a kwance ɗaurin a nufi asibiti a daren.

Kiyasin farko ba kasafai yake ƙunsar abin da ke biyo bayan aiki ba. Akwai wankin ciwo, da sabon hoto, da cire silili bayan kamar mako 6, sannan gashin ƙashi na makonni kafin hannun ya iya murɗa makulli ko ɗaukar buta. Ka roƙi likita ya rubuta waɗannan duka a cikin kiyasi ɗaya kafin a aika wa kamfanin.