Sauraron Masana Littafi Mai Tsarki a Waya: Yadda Ake Cin Moriya Ba Tare da Tuntuɓe Ba

Shirye-shiryen podkas da malaman jami'a ke tattauna Littafi Mai Tsarki a cikinsu sun shiga wayoyin matasa a Kaduna, daga Sabon Tasha har Kawo. Galibinsu da Turanci ake yi, kuma kalma ɗaya ce ke yawan tsayar da mai sauraro cak, wato "myth". Ƙamus zai ce maka tatsuniya ko almara. Daga nan sai wani ya kashe waya a fusace, wani kuma ya tafi zumuntar matasa yana shelar an gano ƙarya a Littafin Farawa. Babu ɗaya daga cikin su biyun da ya ji abin da aka faɗa.

Fara da warware kalmar

Asalinta Helenanci ne, "mutos", ma'ana zance ko labari. Ta fito sau 5 a Sabon Alkawari: 1 Timoti 1:4 da 4:7, 2 Timoti 4:4, Titus 1:14, da 2 Bitrus 1:16. A duk wuraren biyar gargaɗi ake yi a kanta, ana nufin labarin ƙage. Saboda haka kunnen ɗan coci bai yi laifi ba idan ya ƙi ta. Sai dai masanin adabin dā ba wannan ma'anar yake nufi ba. A bakinsa sunan wani nau'in labari ne: wanda ke faruwa a farkon zamani, Allah ko alloli ke aiki a ciki, kuma al'umma ke riƙe da shi don ta san daga ina ta fito, me ya sa ake mutuwa, me ya sa noma ke da wuya. Mu kira shi labarin asali.

Bahaushe ya san bambancin ba sai an koya masa ba. Gizo da Ƙoƙi tatsuniya ce, da "ga ta nan ga ta nanku" ake buɗe ta, da "ƙurunƙus" ake rufewa, kowa ya san wasan dare ne. Amma babu mai fara labarin Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu da wannan lafazi. Rijiyar tana nan a Daura, labarin shi ke bayyana zumuncin Hausa Bakwai da tushen sarauta, masana tarihi kuma har yau suna gardama a kan wane ɓangare ne ya faru yadda aka faɗa. Wannan misali ne na rabe-raben zance kawai, ba daidaita Nassi da labarin Daura ba ne. Abin lura shi ne, sanya wa labari sunan nau'insa bai yanke hukunci a kan aukuwarsa ba. Duk lokacin da ka ji kalmar a shiri, dakata ka tambayi kanka wacce ma'ana mai maganar ya ɗauka, domin akwai masu zamewa daga ɗaya zuwa ɗaya cikin jimla guda, wasu da gangan.

Kayan aiki

Littafi Mai Tsarki na takarda, na Hausa, da wata fassara ta biyu don gwadawa. Cikakkiyar fassarar Hausa ta farko ta fito a 1932, aikin da Dakta Walter Miller na mishan ɗin Zariya ya taka babbar rawa a ciki, daga baya aka yi sababbi, kuma ba su zaɓi kalmomi iri ɗaya ba. Sai littafin rubutu da biro mai launi biyu. Sauke shirin a matsayin murya maimakon bidiyo: awa guda a ƙaramin inganci, wato kilobit 64 a daƙiƙa, kusan megabayit 29 ce, a 128 kuwa kusan 58. Idan Turancin baƙon da ake hira da shi ya yi sauri, rage gudun zuwa 0.8. Sauraro a cikin Keke ko a jirgin Rigasa zuwa Abuja ya isa a ji ɗanɗano, amma ba karatu ba ne. Karatu sai a zaune, Littafi a buɗe.

Zaɓen shiri ba ya buƙatar dogon bincike. Duba ko baƙon ya karanci Ibrananci ko Helenanci, ko yana faɗin sura da aya, ko yana ambaton masanan da suka saɓa masa ba da raini ba. Shirin da takensa ke cewa ga sirrin da coci ke ɓoyewa, wuce shi. Mai son tushe kyauta, Jami'ar Yale ta Amurka ta sa laccoci 24 na Farfesa Christine Hayes kan Tsohon Alkawari a intanet.

Karanta kafin ka saurara

Nan ne yawancin mutane ke yin kuskure: suna jin masani kafin su ga nassin da idonsu, sai maganarsa ta zame musu tabarau. Gwada da Farawa sura 1 da 2. Karanta 1:1 zuwa 2:3, ka ja layi a ƙarƙashin sunan Mahalicci duk inda ya fito, za ka ga "Allah" ne. Ci gaba daga 2:4 da ɗaya launin, za ka ga ya koma "Ubangiji Allah". Sannan rubuta jerin halittu. A sura 1: tsirrai rana ta 3, haskokin sama ta 4, kifi da tsuntsaye ta 5, dabbobi sannan mutum, namiji da mace, ta 6. A sura 2: mutum daga turɓaya a aya 7, itatuwan gona a aya 9, dabbobi a aya 19, mace a aya 22. Lura kuma da yadda kwanakin sura 1 ke tafiya bibbiyu: haske a ta 1 da haskoki a ta 4, sarari da ruwaye a ta 2 da tsuntsaye da kifi a ta 5, sandararriyar ƙasa a ta 3 da mazaunanta a ta 6. Wannan tsari ne irin na waƙa, kuma kai ka gan shi, ba gaya maka aka yi ba.

Yanzu kunna shirin. Za ka ji sunan Jean Astruc, likitan Faransa da ya yi amfani da sauyin sunayen nan a 1753 ya ce an haɗa Farawa daga rubuce-rubucen da suka gabata, da Julius Wellhausen na Jamus wanda a 1878 ya tsara ra'ayin cewa an haɗa littattafan Musa biyar daga tushe huɗu da ake yi wa laƙabi da J, E, D da P. Kada ka ɗauki haruffan nan kamar an tono su a ƙasa. Ba a taɓa samun takardar J ko ta P ita kaɗai ba. Hasashe ne da aka gina daga nassin, Umberto Cassuto ya yi masa raddi, kuma tun shekarun 1970 masanan Turai da dama sun yi watsi da wasu sassansa.

Layi uku a littafin rubutu

Raba shafi uku. Na farko: abin da nassi ya faɗa, wanda za ka iya nunawa da yatsa. Na biyu: abin da aka tono, dutse ko allon yumɓu ko tsohuwar takarda, mai wuri da shekara. Na uku: abin da masanin ya fahimta daga biyun. Duk jimlar da ta girgiza ka, nemo mata layi. Mafi yawan abin da ke tada hankali a layi na uku yake zama, kuma shi ne ake iya jayayya da shi.

Ruwan tsufana ya fi komai dacewa da wannan gwaji. A layi na farko: Farawa 6:19 ya ce biyu-biyu daga kowace halitta, 7:2 ya ce bakwai-bakwai daga masu tsarki, 7:12 ya ce kwana 40 ana ruwa, 7:24 ya ce ruwa ya mamaye ƙasa kwana 150, 8:7 zuwa 12 Nuhu ya saki hankaka, sannan kurciya. A layi na biyu: a 1872 George Smith, ma'aikaci a gidan tarihin Birtaniya da ke Landan, ya karanta wani allon yumɓu da aka tono a Nineba, daga ɗakin karatun Sarki Ashurbanifal. Shi ne allo na 11 na labarin Gilgamesh. A ciki wani mai suna Utnafishtim ya gina jirgi da umarnin wani abin bauta, ya kwashi iyali da dabbobi, jirgin ya tsaya a kan dutse, ya saki kurciya da tsattsewa da hankaka, ya fito ya miƙa hadaya. Akwai kuma labarin Atrahasis wanda kwafinsa ya kai ƙarni na 17 kafin haihuwar Almasihu. A layi na uku kuwa ra'ayi ya kasu: wasu sun ce marubucin Farawa ya san labarin Babila ya sāke masa fuska, wasu sun ce dukansu sun gaji tunawa da ambaliya guda ce.

Kada ka tsaya a kamanni, nan ne shirye-shirye masu arha ke tsayawa. Bambancin ya fi faɗin abu. A Atrahasis, hayaniyar mutane ce ta hana babban abin bautarsu barci. A Farawa 6:11 zuwa 13 zalunci ne ya cika duniya. A Gilgamesh alloli sun firgita da ruwan da suka kawo, suka yi dandazo a kan hadaya kamar ƙudaje. A Farawa Allah ɗaya ne, shi ya kawo ruwa, shi ya tsayar, ya ɗaura alkawari da alamar bakan gizo a sura 9. Ko wanne ra'ayi ka bi, a nan ne ake jin abin da nassin ke cewa game da Allah. Haka ma dodon ruwan nan Lewiyatan na Zabura 74:14 da Ishaya 27:1: allunan da aka fara tonowa a Ras Shamra ta Siriya a 1929 suna da wani maciji mai kawuna bakwai da suna kusan iri ɗaya. Mai zabura ya ɗauki siffar da maƙwabta suka sani ya yi wa Ubangiji kirari da ita.

Kada ka shafa suna ɗaya a kan littattafai 66

Babban ɓata shi ne a ji bayani kan Farawa 1 zuwa 11 a ce ai duka haka ne. Littafin ɗakin karatu ne: akwai doka, waƙa, karin magana, wasiƙa, tarihin sarakuna, har da misali irin na itatuwan da suka fita neman sarki a Mahukunta 9:8 zuwa 15, wanda babu mai hankalin da ya taɓa ɗauka itace ya yi magana. Da an shiga Littattafan Sarakuna ƙasa ta sauya. Dutsen Mesha sarkin Mowab, da aka gano a 1868, ya ambaci Omri sarkin Isra'ila. Gutsuren dutsen Tel Dan na 1993 yana ɗauke da kalmomin da galibin masana ke karantawa "gidan Dawuda". Sennakerib na Assuriya ya rubuta yaƙinsa na 701 kafin haihuwar Almasihu, yana alfaharin ya ci garuruwan Yahuza 46 ya kulle sarkinta Hezekiya kamar tsuntsu a keji. Shi da 2 Sarakuna 18:14 sun yarda cewa harajin Hezekiya ya ƙunshi talanti 30 na zinariya (talanti ma'aunin nauyi ne na dā), amma azurfa shi ya ce 800, nassi ya ce 300. Bai kuma ce ya ci Urushalima ba. Irin wannan aikin masanin tarihi ne, kayan aunawarsa dabam da na Farawa.

Tambayar ma ba Turawan zamani suka ƙago ta ba. Orijen na Iskandariya, a ƙarni na 3, ya tambaya yadda za a yi rana ta farko da ta biyu da ta uku, da safiya da maraice, alhali ba a halicci rana da wata ba tukuna. Agustin na Hippo, a Aljeriya ta yau, ya rubuta littattafai kan ma'anar Farawa. Dukansu 'yan Afirka ne, dukansu iyayen ikilisiya. A 1943 Paparoma Pius na 12 ya umarci malaman Katolika su lura da nau'o'in rubutun dā, yayin da masu bishara da dama ke tsaye a kan Sanarwar Chicago ta 1978 cewa Nassi ba ya kuskure. San inda ikilisiyarka ta tsaya kafin ka buɗe baki a cikinta.

Idan za a saurara cikin taro

Mutum biyar zuwa takwas sun isa, awa ɗaya da rabi: minti 20 ana karanta nassi da murya, minti 30 na shiri ana dakatawa duk bayan minti 10, saura tattaunawa. A sanar da fasto ko fada tun kafin zama na farko, kada ya ji a bakin wani. "Baba, mun ji wani bayani a kan Farawa sura 2, muna so ku duba mana" ya fi "Baba, ashe abin da kuke koya mana ba haka ba ne" buɗe ƙofa. Da yawa cikinsu sun karanta waɗannan batutuwa a makarantun tauhidi irin na ECWA da ke Kagoro ko na Baptis da ke Kaduna, suna da littattafan a kan kanta.

Mai fassara wa taro shi ke riƙe da wuƙa. Ya ce "labarin asali", ya bayyana abin da yake nufi, kada ya ce "tatsuniya". Adamu da Nuhu da Ibrahim ba na ɓangare ɗaya na kogin Kaduna ba ne. Maƙwabcinka Musulmi annabawa yake kiransu yana yi musu addu'a, kuma rikicin 2002 a garin nan daga rubutun jarida ya taso. Saboda haka kada a yanko daƙiƙa 30 daga hirar awa biyu a watsa a rukunin WhatsApp na unguwa ko na wurin aiki. Wanda ya nuna sha'awa, a tura masa cikakken shirin shi kaɗai, tare da surorin da zai karanta tukuna da mintin da maganar ta fara.